Curin Baba Isuhu

Duk wadda ta ji cewa abin da nake sayarwa ba a gasa shi, ko leƙa furun, wato oban, ba ya yi, sai ta ce, "Au, ashe ma ba wuya." Ko shekaranjiya ƙanwar wata ƙawata ta turo min saƙo, wai in koya mata a minti biyar, ranar Juma'a take so ta fara nata. To ku matso, da ita da duk masu irin tunaninta. Dama na daɗe bakina yana ƙaiƙayi.

Sunana Rakiya. A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik muke zaune, hawa na huɗu, ni da Mama da kakata Hajja. Shekarata huɗu ina yin curi. Haka muke ce masa a gidanmu. Biskit za ki daka, ki zuba garin cakulan da bota da madarar gwangwani mai kauri, ki kwaɓa, ki sa a tallaja, wato firij, ya sha sanyi. Sai ki cuccura shi ƙanana kamar goro, ki birkiɗa a garin kwakwa. Halas. A baki kin ji ya ƙare. A hannu ake yin ta.

Ba wanda ya koya min. Furun ɗinmu ne ya lalace, Mama ta ce ba a wannan watan ba, watan ya zama shekara, ni kuma ina son yin kayan zaƙi kamar me. Sai na shiga waya ina neman abin da ba ya buƙatar gashi. Akwai wata mata da na fi kallo, ko kalma ɗaya ba na ji a yarenta, hannunta kawai nake bi, in tsayar, in mayar baya, in sake. Abin da ba ta gaya min ba shi ne, su garinsu da kansa tallaja ne. Tana curawa da rigar sanyi a jikinta. Ni kuwa ina kicin ɗin da in kin ajiye bota kin juya ɗauko cokali, kafin ki waiwayo ta zama mai.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne sai da na sha wuya na san darajarsa. Akwai ƙaramin turmin Hajja. Da injin markaɗe na fara, shi kuwa yana mayar da biskit gari luƙui, curin ya fito yana manne wa mutum a baki. Hajja ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai yaɓen ɗaki ne." Turmi yana barin 'yan tsaki-tsaki, haƙori ya sami abin yi. Akwai cokalina guda ɗaya tal mai lanƙwasasshen hannu, shi ne ma'aunina. Ranar da ya faɗa bayan tallaja sai da muka janye tallajar ni da Mama. Akwai faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a cikin ƙanƙara ɗaya a gabana, ina musanya su. Sai kwanon ruwan sanyi, don ni Allah ya yi ni mai zafin tafi. Duk curi biyar sai na tsoma hannu, in goge, in ci gaba.

Curawar kanta a wurin Hajja na sata, ba ta ma san tana koyarwa ba. Rannan tana cura fura na tsaya a kanta, na ga ba da tsakiyar tafi take mulmulawa ba, da gindin tafi take yi, juyi uku ta ajiye. Ni da nake murzawa har goma wai ina neman ya yi sumul, ashe narkar da shi nake. Juyi uku. In bai yi a uku ba, ba zai yi a goma ba, mayar da shi sanyi kawai.

Shekarata ta biyu ita ce mummunar shekarata. Wata mata a Sharafiyya ta ce in yi mata ɗari biyu na ɗaurin auren 'yarta, a tsakiyar zafi, lokacin nan da laimar teku take sa bango kansa ya yi gumi. Na yi su, sun yi kyau marra, na jera su kamar sojoji. Motar da ta ɗauke ni mukayyif ɗinta, wato na'urar sanyi, ya mutu a hanya, ga cunkoso. Da na buɗe a gidan biki, ɗari biyu sun zama ɗaya. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ya binti, curi na ce ko tuwo?" An dai raba da cokali an cinye, amma labari ya riga ni isa gida. Wata uku ba wanda ya kira ni. In na shiga bakala, shagon unguwa, sai in ji mata suna cewa, "Ga mai tuwon cakulan nan." Daga nan na sayi akwatin ƙanƙara irin na masu kamun kifi, kuma ko sarauniya ce ta yi oda, ba na fita da curi tsakanin azahar da la'asar.

Duk wannan share fage ne. Aikin da nake so in ba ku labarinsa shi ne na Baba Isuhu.

Baba Isuhu maƙwabcinmu ne a hawa na biyu, abokin marigayi kakana. Mutumin Maƙarfi ne, can ƙasar Zazzau, ya fi shekara arba'in yana aiki a sito a tashar jiragen ruwa. Hajja kuwa Bakanuwa ce, 'yar Ƙaraye, don haka tun ina ƙarama ban taɓa jin sun gaisa lafiya ba. Ita ta ce masa bawanta, shi ya ce ai ita ce baiwar. Bara kamfanin da yake wa aiki suka ce shekaru sun ja, ya huta, ba za a sabunta masa iƙama, takardar zama, ba. Aka buga masa fita ba dawowa, saura sati uku ya tashi. 'Yarsa Anti Maryam, wadda take aure a nan, ta ce in yi curi ɗari na walimar sallama. Da zan fita ta riƙe ni a ƙofa ta ce, "Rakiya, Baba fa ya ƙi haɗa kaya. Akwati uku na sayo, suna nan a buɗe, ko hula babu a ciki. Cewa yake wa ya sani a can gida."

Washegari bayan la'asar sai ga shi ya hawo da kansa, lif ɗinmu kuwa ya mutu kamar kullum. Ya zauna a falo yana haki. Na kawo masa ruwa da curi biyu. Ya ci ɗaya a hankali.

"Yana da daɗi, jikata. Amma ba shi ba ne."

"Ba wanne ba, Baba?"

Ya leƙa ƙofar ɗakin Hajja, ya rage murya. A banza. Kunnen Hajja ba ya jin "ki sha magani", amma raɗa ko ta bayan bango ce yana ji.

Ya ce, "Kafin in sauka a garin nan, shekara biyu na yi a jirgin ruwa na kaya, daga Ikko muka taso. Aikina kankare tsatsa da fenti. Kukunmu wani baƙin mutum ne daga wani tsibiri can bayan duniya. In kek ya ragu ya bushe ba ya zubarwa, sai ya marmashe shi ya cura, kamar naki sak. Rakiya, in na sa ɗaya a baki sai in ji kamar an kira sunana. Rannan na shiga kicin na tarar yana tsiyaya wani abu daga kwalba a cikin kwaɓin. Na ce mene ne wannan? Ya ce ram. Giya ce, jikata. Shekara biyu ina ci da bisimilla."

Sai ga muryar Hajja daga ɗaki: "Inna lillahi. Dama na san Bazazzagi ba ya rasa abin ɓoyewa."

"Hajiya, rashin sani ne. Tun daga ranar ban ƙara ba. Na yi istigfari, na yi Hajji ya fi a ƙirga."

"Amma harshen bai tuba ba."

"Ai ƙararsa na kawo." Ya juyo gare ni. "Ba kwalbar nake nema ba, Allah ya tsare. Ɗanɗanon nake so, na halal. Sau ɗaya in ji shi kafin in bar bakin teku. In na shiga ƙauye shi ke nan, ni da shi har abada."

Na ce, "Zan yi, Baba." Bakina ne ya faɗa, kaina bai sani ba. Sai da ya sauka na zauna na gane abin da na ɗauko. An ce in yi ɗanɗanon da ban taɓa ji ba, ba kuma zan taɓa ji ba. Harshe ɗaya ne a duk wanda na sani zai iya cewa ya yi ko bai yi ba, shi kuma kwana ashirin da ɗaya ya rage masa a Jidda.

Hajja ta fito ta kafa dokarta. "Ki yi abin da za ki yi. Amma kwalba ko ta turare ce, in dai an rubuta sunan abin nan a jikinta, ba za ta hau hawa na huɗu ba. Sunan ma kar in ƙara ji a gidan nan."

Kwalbar ma na samu. A wani shagon kayan kek aka nuna min 'yar ƙarama kamar ta kwalli, an rubuta ƙamshi ne kawai, babu giya a ciki. Ban hau da ita huɗu ba, a biyu na tsaya. Baba ya buɗe ya sansana, ya ture fuska. "Wannan ai maganin tari ne. Kai ta can." A kwandon sharar ƙasa ta ƙare. Ku masu cewa komai akwai shi a shago, kun ji.

Sai na ɗauko littafi da biro na zauna a gabansa kamar 'yar jarida.

"Zaƙi ne, Baba?"

"Zaƙi ne, amma mai duhu."

"Baba, ɗanɗano ba ya duhu."

"Wannan yana yi. Rubuta."

"Da ɗaci?"

"Can ƙarshe. Kamar zai yi ɗaci, sai ya fasa."

"Yaji fa?"

"Ba yaji ba. Ɗumi ne a maƙogwaro. Kuma akwai hayaƙi-hayaƙi, amma ba na gawayi ba."

Abin da na samu ke nan, layi huɗu. Da su na shiga kicin.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. Kullum da safe in kwaɓa iri uku, in soka wa kowanne tsinke mai launi daban, in rubuta abin da na zuba. Bayan la'asar in sauka da faranti. Anti Maryam ta ce likita ya hana shi zaƙi da yawa, don haka rabi-rabi yake ci, ita tana tsaye da wuƙa kamar mai rabon gado. Na jiƙa zabibi a baƙin shayi ya kwana. Na gwada zumar dabino. Na gwada gahawa, kirfa, citta, kanumfari, har tsamiya. Shi kuma kowanne da hukuncinsa. Na dabino ya ce, "Wannan Madina ce, ba jirgi ba." Na kanumfari ya ce, "Ajiye wa mai ciwon haƙori." Na tsamiya kuwa, ruwa kawai ya nema. Ragowar kuwa mutanen gininmu suka yi ta ci, mai gadinmu har kumatu ya yi. Na dabino da gahawa ma har yau ina sayar da shi, daga cikin waɗanda suka faɗi jarabawar Baba ya fito.

Sati na biyu na duba a waya yadda ake yin abin da Hajja ta hana a ambata, na ga ashe daga rake ake yin sa. Na ruga na sayo baƙar zumar rake irin ta Misirawa, wadda suke ci da burodi. Baba ya tauna, ya lumshe ido, ya daɗe. Ya ce, "Wannan ya zo bakin ƙofa, amma bai yi sallama ba."

Na ƙara ta, ya ce ya koma baya. Na rage, ya ce yana nan a ƙofar. Na haɗa da zabibi, na haɗa da gahawa, ƙofa dai, ƙofa dai. Akwatunansa kuwa suna nan a lungu baki buɗe, kullum sai na tsallake su.

Saura kwana uku ya tashi, biyu a yi walima, ina kicin da hantsi na tasa littafin a gaba. Hajja tana kan kujerarta a bakin ƙofa da carbi.

"Ke, wannan na bakin ƙofar, me kika zuba a ciki?"

"Zumar rake, Hajja."

"Me ya kawo rake?"

"Ai da shi ake yin abin."

Ta ajiye carbin. "Rake? Shi ne tun tuni ba ki faɗa ba?"

"Ke kika ce kar a ambata."

"Sunan na ce, ban ce rake ba, sarkin wayo. Karanto min abin da bawan nan ya ce."

Na karanta mata. Zaƙi mai duhu. Ɗacin da ya fasa. Ɗumi a maƙogwaro. Hayaƙin da ba na gawayi ba. Kafin in kai ƙarshe ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa.

"Mutumin Maƙarfi," ta ce tana share ido. "Rake. Hayaƙi. Je ki jawo min adakata."

Adakar Hajja ba mai taɓa ta, ko Mama. Ta buɗe, ta ɗaga zannuwa, can ƙasa ta zaro wani ƙulli, leda cikin leda cikin tsohon ɗankwali. Wasu abubuwa ne guda biyu masu faɗi kamar tafin hannu, baƙi-baƙi, ja-ja, ɗaya an ɗan gutsure gefensa. Ni da aka haifa a Jidda na ce, "Sabulun salo?"

"Allah ya shirye ki. Mazarƙwaila ce."

Ta ce ruwan rake ake matsewa, a dafa shi a ƙatuwar tukunya da wutar ɓawon raken, har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Wata 'yar ƙanwarta ce ta kawo mata tsaraba da ta zo Umara. Shekara biyu tana kankarar kaɗan-kaɗan a kunun tsamiya ranar da gida ya faɗo mata a rai, ba wanda ya sani.

Ta ce in ɗora ƙaramar tukunya. Ta kankare ɗan gefe a ciki, ta yayyafa ruwa cokali biyu. Ya narke, ya fara tafasa, ya fara kumfa. Na miƙa hannu zan juya, ta buge min hannu.

"Bar shi ya kama."

"Hajja, zai ƙone."

"Ya kama na ce, ban ce ya ƙone ba. Tsakaninsu numfashi uku ne. Da hanci ake yi, ba da ido ba."

Ku gane, shekara uku ina horar da kaina cewa duk abin da ya kama tukunya asara ce. Ga shi an ce in tsaya in naɗe hannu ina kallo. Ƙamshin farko zaƙi ne zalla. Can sai ya juya, wani hayaƙi siriri ya taso a ƙarƙashin zaƙin. Hajja ta ja numfashi ɗaya, biyu, uku, ta sauke, ta jefa bota, ya yi cuuu. Ta ce in daka masoro ƙwaya uku in barbaɗa, da gishiri ɗan mitsitsi. Ta lakato a cokali ta miƙo min. Na ɗanɗana, na kalli littafina. Duhun yana nan. Ɗacin ya taso, ya fasa.

Ta ce, "A wurin matsar rake, in an kwashe tukunyar ƙarshe, ƙanzon da ya kama a gindi na yara ne. Da ɓawon rake muke kankara. Duk wanda ya tashi kusa da rake ya san wannan. Shi ma ya sani, mantawa ya yi."

Na ce to yanzu ni zan yi da kaina. Na zuba rabin guda, na tsaya, hayaƙi ya taso, na fara ƙirga. Tsoro ya sa na ja numfashin da tsawo. Da na sauke ya zama baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Rabin mazarƙwailar Hajja ya tafi a banza. Na kasa kallon ta.

"Numfashin mutum na ce, ba na raƙumi ba," ta ce. "Wanke tukunyar. Saura ɗaya da 'yan kai, in kika ƙona wannan sai ki je Maƙarfi da ƙafa."

Na biyu ya yi. Amma aiki bai ƙare ba, don kwaɓin ya yi ruwa, ya ƙi curuwa. Sai da na rage madara kusan rabi, na ƙara biskit, na bar shi ya yini a tallaja. Kwakwa ma na cire, don tana danne ƙamshin, a garin cakulan na birkiɗa. Talatin suka fito, sauran saba'in na yi irin na kullum. A karon farko Hajja ta wanke hannu ta zauna kusa da ni muka cura tare, juyi uku, juyi uku, nata duk sun fi nawa kyau. Na ce bari in kai wa Baba rabi ya gwada tukuna. Ta ce, "Ba inda za ki. Ki bar shi sai ranar, ya ji a gaban mutane."

"In bai yi ba fa?"

"In bai yi ba, dama harshen Bazazzagi ne, wa zai yarda da shi?"

Ranar walima bayan la'asar gidan Baba ya cika. Maza abokan aikinsa na tashar jirgi suna falo, mata muna ɗakin ciki. Akwatunan nan uku an jingine su a lungu, har lokacin ba komai a ciki, ga jirgi gobe da yamma. Da aka ci abinci aka yi addu'a, Baba ya zo bakin ƙofar mata yin sallama. Hajja tana zaune daf da ƙofar, ta zungure ni da ƙafa. Na tashi na miƙa masa ɗan faranti, curi ɗaya a kai. Anti Maryam ta ɗauko wuƙarta, Hajja ta ce, "Bar masa guda."

Ya yi bisimilla ya sa a baki. Ya tauna sau biyu, sai bakin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon bango.

"Wannan ba na jirgi ba ne," ya ce.

Shi ke nan. Sati uku, da mazarƙwailar Hajja, duk sun tafi. Na miƙa hannu zan karɓi farantin, bai sake shi ba.

"Akwai wani doki mai ido ɗaya," ya ce, ba da kowa yake ba. "A wurin matsar raken kawuna. Tun asuba yake zagaye yana juya injin. Ni da abokina Tanimu mukan zauna a kan tulin ɓawo muna jiran tukunyar ƙarshe. Shi ya fi ni sauri, kullum sai ya riga ni gindin tukunya, har ya taɓa ƙona leɓe." Ya haɗiye. "Ashe shi ya sa. Ashe a jirgin ma wannan nake ji." Ya juya wajen 'yarsa. "Maryam, Tanimu yana nan da rai kuwa?"

"Baba, shi ne fa yake kiran ka duk sallah, kana cewa za ka kira shi daga baya."

Sai Hajja ta gyara mayafi ta ce, yadda har na falo za su ji, "Bazazzagi ke nan. Shekara arba'in yana neman garinsu a cikin kwalbar wani."

Mata suka kwashe da dariya, maza suka leƙo suna tambayar me aka yi. Baba yana dariya yana goge ido da hannun riga.

"Hajiya, yau kam baiwa ta yi wa ubangidanta aiki."

"Baiwar uban wa? Mazarƙwailata biyu ka cinye. In ka isa ka aiko min da abata."

Ya ce in ƙara masa ɗaya. Anti Maryam ta buɗe baki, ya ce ba ci zai yi ba. Ya naɗe shi a takarda a hankali, ya ce na Tanimu ne. Na ce, "Baba, kafin ka isa Maƙarfi ya zama tuwo, ni na san wannan." Na yi masa alkawarin goma a ƙaramin akwatin sanyi. Ya gyaɗa kai, ya waiwaya lungu.

"Maryam, waɗannan akwatunan, uku za su isa kuwa?"

Bayan wata biyu wasu masu Umara suka kawo mana kwali, ɗaure da igiya, an rubuta sunana a jiki. Mazarƙwaila ce fal. Baba ya turo saƙon murya, bayansa ana ta hayaniya da ƙarar inji. Ya ce dokin ya daɗe da mutuwa, inji ne mai shan mai yanzu, amma tukunyar tana nan, kuma yara suna nan suna jira. Ya ce Tanimu haƙori biyu suka rage masa, ya ci curin ya ce da daɗi, amma wai me ya sa aka ɓata ƙanzo da cakulan.

Yanzu curin Baba Isuhu shi aka fi nema a wurina. Larabawa suna tambaya ta wane irin sirri ne, in ce musu rake ne da numfashi uku. Har yau a cikin tukunya biyar sai na ƙona ɗaya. Don haka mai son koyo a minti biyar, ki zo ranar Juma'ar, ahlan, ina murna. Amma ba curi za ki fara ba, a kan tukunya za ki tsaya da hancinki.

Kwalin nan kuwa, kafin in taɓa ko ɗaya, Hajja ta sa hannu ta zaɓi biyu mafi duhu. Ta sansana, ta naɗe su leda cikin leda cikin tsohon ɗankwali, ta mayar ƙasan adaka, ta kulle.